Wanda jirgin ruwa ne gidansa: matafiyi ne ko mazauni?

Bello, Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ke Faransa ya sayi ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, ya kwashe matarsa suka tare a ciki. Suna yawo tsakanin tsibiran Karibiyan, Matinik da maƙwabtanta. Ya ce min kullum ƙasaru yake yi tunda kullum a kan ruwa yake. Ni na ce sam. Gadonka da tukunyarka da matarka duk suna tare da kai, ina tafiyar take? Mazauni ne, ya cika sallarsa.

Malam Hamadu, Marwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Maganarka ita ce ta Hambaliyya: matuƙin da iyalinsa ke cikin jirgi ba ya ƙasaru. Mu kuwa a Malikiyya, Muhtasar na Halil ya ambace shi ƙarara, cewa yana ƙasaru ko da iyalinsa na tare da shi. Kada a matsa wa yaron nan.

Bello: Allah ya gafarta Malam, shekara guda cur raka'a bibbiyu? Zuciyata ba ta kwanta ba.

Hajiya Dije, Njamena: Malam, ina neman afuwa, amma a fara duba yadda masu irin wannan rayuwar suke yi. Ba kullum suke tafiya ba. Yawancin kwanakinsu a tsaye suke, sun saki anga, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, a wani lungu mara igiyar ruwa, suna shiga gari da ƙaramin kwale-kwalen roba su sayo kayan miya da gas, su ciko ruwan sha, su gyara abin da gishirin teku ya cinye. A Le Marin na Matinik jirage ɗaruruwa ne ke tsaye haka, wasu har watanni. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kuma lokacin guguwa ne, da yawa kan gangara kudu wajen Giranada ko Tirinidad su laɓe. Wanda ya yi niyyar kwana 4 a wuri ɗaya ai ƙasarunsa ta yanke.

Malam Hamadu: Gaskiyarki Hajiya, wannan sharaɗin yana nan daram.

Hajiya Dije: Ga kuma nisa. Daga Matinik zuwa San Lusiya bai kai kilomita 50 ba. Jirgin nan yana cin kamar kilomita 10 a awa, ka tashi da hantsi ka yi la'asar a can. Nisan ƙasaru baridi 4 ne, wajen kilomita 80.

Usmanu, Kusiri: To Gwaggo, ranar da ya ketare Atilantika fa? Daga tsibiran Kanari da ke kusa da Maroko zuwa Karibiyan wajen kilomita 5,000 ne, mako 2 zuwa 3 ba ka ganin ƙasa, miji da mata na karɓa-karɓar gadi da dare, jirgi a karkace, ko ruku'u sai ka dafa wani abu. Kawu Bello zai ce wannan ma mazauni ne?

Bello: Wannan kam ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne tsalle-tsallen tsibiri da zaman watanni.

Malam Hamadu: To mun kusa haɗuwa. Halil ɗin nan ya kawo mai neman makiyaya, ya ce ba ya ƙasaru sai in ya san zai cinye nisan kafin ya samu. Kamar Mbororonmu ke nan da ke bin ciyawa ba tare da sun yanke inda za su sauka ba. Ƙanenka in ya ɗaga anga yana cewa duk inda iska ta kai mu, hukuncinsa ke nan. In kuwa ya nufi Giranada daga Matinik, sama da kilomita 200, ya yi ƙasaru, ko da ya kwana ɗaya ko biyu a tsibiran hanya.

Usmanu: Masuntanmu na Darak da Lagdo ma suna kwana a kwale-kwale, ban taɓa jin wanda ya rage salla don haka ba.

Bello: Har yanzu ina ganin Hambaliyya sun fi kusa da abin da hankali ke ɗauka, gidansa ne fa. Amma zan tura masa maganar kwana 4 da ta nisa yau da daddare. Malam, azumi kuma fa, ma'aunin ɗaya ne?

Malam Hamadu: Nisan ɗaya ne, da sharaɗin ya fita kafin alfijir, kuma ya rama daga baya. Ka tambaye shi inda zai kasance a Ramadan, in a tsaye yake ya ɗauki azuminsa.