Me za mu kira environment variable da Hausa?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Muna shirya takardar koyar da Linux ga matasanmu na Agege da Idi-Araba, mun cije a babin shiga asusun root, wato asusun mai cikakken iko a kan kwamfuta. Wani ya kawo "mai canzawa na muhalli". Bai kwanta mini ba, mai karatu zai zaci zancen yanayi ake yi.

Mai Gyara, Ikeja: Wa alaikumus salam, Malam. A fara duba aikinsa. Suna ne ɗaure da ƙima, irin su PATH (jerin wuraren da ake neman umarni a ciki) da HOME (babban folda na mai amfani). Duk manhajar da ta tayar da wata, sai ta miƙa mata kwafinsu, kuma abin da 'yar ta canza ba ya komawa wurin uwar. Don haka tarin gaba ɗaya a kira shi guzuri, kowane ɗaya kuma ƙulli.

Hajiyar Yaba: Bari mu gwada shi a kan matsalar kanta. Ka buga umarnin "su" kawai (umarnin sauya asusu), ka zama root amma da guzurinka na da. Tun daga Debian 10 ta 2019 (Debian wani nau'in Linux ne), PATH ba ya sauyawa a haka, babu /usr/sbin a ciki, foldar da adduser (umarnin buɗe sabon asusu) yake zaune, sai ka kira shi a ce babu shi alhali yana nan. Ka buga umarnin "su -" da ɗan layin nan, za a zubar da naka a ba ka guzurin root. Bayanin ya fita tsaf.

Injiniya, Obalende: Hajiya, gyara kaɗan ga kalmar: guzuri cinye shi ake yi, wannan kuwa karanta shi kawai ake yi.

Hajiyar Yaba: Gaskiya ne, Injiniya, amma ba nan ɗalibi yake tuntuɓe ba. Tambayarsa ita ce me ya biyo shi, me aka bari a baya.

Injiniya, Obalende: Na yarda. To a ƙara sudo (umarnin gudanar da wani umarni da ikon root) a babin, don nasa daban ne. Saboda saitinsa na env_reset yana kwance yawancin ƙulle-ƙullen, shi ya sa http_proxy (ƙullin da ke riƙe adireshin ƙofar fita intanet) ke ɓata, apt mai sauke manhajoji ya kasa fita intanet a ofis. Maganinsa, buɗe visudo (abin gyara saitin sudo) ka sa Defaults env_keep += "http_proxy https_proxy". Shi kuwa PATH, in an saita secure_path (PATH ɗin da sudo ke sawa da kansa), ko sudo -E mai riƙe guzuri ba zai wuce da naka ba. Kuma don Allah a gargaɗe su: sudo echo $PATH naka zai nuna, domin an fassara ƙullin tun kafin sudo ya tashi. Abin bugawa shi ne sudo printenv PATH, a gwama da printenv PATH.

Ɗan Agege: Madalla, Allah ya saka da alheri. Mun ɗauki ƙullin guzuri, sunayen ƙulle-ƙullen kuma za su zauna da manyan haruffansu yadda ake buga su.