Man inji yana raguwa ana cikin tafiya: a kashe injin ko a bar shi?

Mai_Koyo:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata kan jiragen fasinja masu inji biyu ce, irin A320 da 737. Idan ana sama geji ya nuna man inji yana raguwa, ko gargaɗin matsin mai ya fito, me matuƙa ke yi? Nan take ake kashe injin, ko akwai abin da ake dubawa tukuna? A mota dai fitilar na kamawa sai ka gangara gefen titi.

Kujerar_Hagu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abubuwa biyu ka haɗa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Geji uku ne ke magana kan mai: yawansa a tanki, matsinsa, da zafinsa. Ba a yanke shawara da guda ɗaya.

Raguwar yawa ita kaɗai ba ta sa a kashe inji. Da an ba da wuta za a tashi, mai da dama yakan bar tanki ya maƙale a ɗakunan boris da bututai, sai geji ya sauka da kwat (ma'aunin mai, kusan lita ɗaya) da yawa, in an rage wuta ya dawo. Sensar ma takan yi ƙarya. Ko da geji ya nuna sifili, muddin matsi da zafi suna daidai, ana barin injin yana aiki, a riƙa rubuta adadin lokaci-lokaci don a ga saurin raguwar, a kuma fara tunanin filin da za a karkata in abin ya tabbata. Yoyon gaske yana da alama: yawa na sauka bai dawowa, daga baya matsi ya fara rawa saboda famfo ya soma zuƙar iska.

Matsi shi ne mai yanke hukunci. A injin samfurin CFM56 jan layin geji yana kan psi 13 (psi ma'aunin matsi ne), a samfurin V2500 kuwa psi 60, don haka kada a ɗauki lambar wani inji a ɗora wa wani. Idan matsi ya faɗi ƙasa da jan layi, a mayar da totur ɗin wannan injin zuwa silo, sannan a kashe shi bisa tsarin da ke cikin QRH (littafin matakan gaggawa na matuƙa) ko abin da ECAM (allon gargaɗi na jiragen Airbus) ya jero. Kafin a taɓa makunnin, matuƙan biyu sai sun tabbatar da baki cewa injin da ke da matsalar ne, domin an sha kashe mai lafiya a bar mara lafiya. Daga nan a kunna APU (ƙaramin injin taimako mai ba da lantarki da iska) in akwai, a sauko zuwa tsayin da inji ɗaya zai iya riƙewa, a lura da daidaiton kananzir (man da jirgi ke ƙonawa) a tankunan fukafukai, a nufi fili mafi kusa da ya dace. Jinkiri ba shi da riba: boris ɗin da babu mai ba ya daɗewa, kuma injin da aka kashe da wuri gyara yake buƙata, wanda ya cije kuwa yana iya tarwatsewa.

Sufana_Goma:
Kyaftin ya gama magana kan sama, bari in ƙara ta ƙasa, don galibi daga can matsalar ke tasowa. A320 mai CFM56 ba ya tashi sai da aƙalla kwat 9.5 a kowane inji, a ƙara da abin da ake sa ran zai sha, ana lissafin rabin kwat a awa. Gwangwani ɗaya kwat ɗaya ne, bai cika lita ba. Ana duba tanki ne bayan minti 5 da kashe inji, kafin awa guda ta wuce. In aka yi gaggawa akwai sauran matsi a tankin, mai zafi zai iya fesowa. In aka makara kuma man ya gangara cikin akwatin giyar injin, sai a ga kamar ya yi ƙasa a cika fiye da kima, rarar ta bi ta sil ta shiga iskar da ake turawa cikin jirgi. Warin nan mai kama da na safa mai datti ke nan.

Murfin tanki da ba a kulle da kyau ba, da zoben roba da aka manta, suna yawan jawo yoyon mai. A watan Mayu 1983 jirgin Eastern Air Lines, L-1011 mai inji uku, ya tashi daga Mayami zuwa Nassau, an saka masa maganaɗisun kama ɓarɓashin ƙarfe ba tare da zoben roba ba a duka injunan. Mai ya tsiyaye, ukun suka tsaya. Wanda aka fara kashewa da wuri shi ne ya yarda ya sake tashi, da shi suka koma Mayami. Shi ya sa a jiragen da ke ƙetare teku ake guje wa mutum ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a injuna biyu a lokaci guda.

Gargaɗin toshewar filta kuma ba ya nufin mai ya daina gudana, akwai bawul da ke buɗewa ya kewaye ta. Abin tsoro shi ne abin da ya toshe ta, wataƙila boris ne ke marmashewa.

Mai_Koyo:
Allah ya ƙara ilimi. To zafi fa? Ni a tunanina in zafin mai ya yi ƙasa ai alheri ne.

Kujerar_Hagu:
Ba kullum ba. Kananzir ɗin da ke tafiya zuwa inji shi ke sanyaya man, suna haɗuwa a wata na'ura ba tare da sun gauraya ba. Shi ya sa wani lokaci zafi ke hawa bayan an rage wuta, don kananzir mai ratsawa ya ragu. A A320 mai CFM56 iyakar zafin mai ta dindindin digiri 140 ce a ma'aunin Celsius, ana jure wa har 155 na minti 15 kawai.

Sanyin da ya wuce ƙa'ida kuwa, dubi jirgin Air Transat mai lamba 236, A330 daga Toronto zuwa Lisbon a Agusta 2001. Injin dama ya nuna zafi ya yi ƙasa, matsi ya hau, yawa ya ragu, haɗin da babu shi a littafi. Ashe bututun kananzir ne ya gogu da na haidrolik ya fashe, kananzir mai sanyi yana kwarara ta na'urar fiye da kima, man ya yi kauri. Tankunan suka ƙare, injunan biyu suka mutu, suka sauka a Lajes da ke tsibiran Azores babu inji, mutum 306 duka da rai. Don haka in gejin mai ya nuna abin da bai yi kama da komai ba, a haɗa kananzir da ya rage da wanda aka ƙona, a gwada da abin da aka taso da shi, kafin a buɗe bawul ɗin da ke haɗa tankunan dama da hagu, don kada a tura kananzir zuwa ɓangaren da ke yoyo.