Wai sigarin lantarki ya fi sigari sauƙi? Cacar baki a zauren taubasai

Auta: Salam 'yan uwa. Ni fa wannan tsangwamar da ake wa vape ɗin nan, wato sigarin lantarki, wlh ta yi yawa, ɗazu na ji wani a rediyo yana cewa wai gara ma mutum ya sha sigari da ya sha shi. Haba dan Allah! Abu ba wuta ba toka, tururi ne kawai da ƙamshin mangwaro. Hukumar lafiya ta Ingila da kanta ta ce ya fi sigari ƙarancin illa da kashi 95 cikin 100. Ga Anti Nas nan a can take aiki, ta ƙaryata ni in ƙarya nake.

Baban Hanif: Auta irin wannan kare abu haka da jijiyar wuya, ko dai a caje aljihunka ne? hhh

Auta: Kai dai Yaya ba a magana ta ilimi da kai

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Auta ba ka yi ƙarya ba amma ka ɗauko rabi ka bar rabi a hanya. A 2015 hukumar da ka ambata, Public Health England, ta fitar da wannan adadin, kuma kiyasi ne na masana, ba wai an bi mutane shekara talatin ana duba huhunsu ba, abin ma duka yaushe aka ƙirƙiro shi, 2003 ne wani mai haɗa magani ɗan China, Hon Lik, ya yi irin wanda ake sha yanzu. Sannan da wa suke magana? Da babban mutum wanda ya riga ya kamu da sigari ya kasa bari. Shi ake ce wa in dai ba za ka iya dainawa ba to koma wannan. Wanda bai taɓa shan komai ba ce masa ake kada ya fara. A nan haramun ne a sayar wa wanda bai kai 18 ba, kuma daga 1 ga Yuni 2025 sun hana sayar da na yarwa gaba ɗaya, irin wanda in ya ƙare ake jefarwa. Kafin hanin in na taso daga aikin dare, tashar bas ɗin da ke kusa da wata sakandare cike take da su a ƙasa, ja da kore da ruwan hoda kamar alawa, ga yara da kayan makaranta kowa yana cusa hannu a hannun riga yana zuƙa.

Famasis: Anti bari in ƙara da abin da ke kasuwarmu nan. A Ingila doka ta ce nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowane mililita, wato kashi 2. Wanda na ga yara na riƙewa a Kano da Abuja mafi yawa kashi 5 aka rubuta a jikinsa, miligiram 50 kenan, ninki biyu da rabi. Ga kuma lambar zuƙa a kwalin, wani 6000 wani 10000. Kuma da can in nikotin ya yi yawa haka maƙogwaro ba ya ɗauka, mutum tari zai yi ta yi, sai kamfanin Juul na Amurka ya zo a 2015 da wani haɗi da ake ce wa gishirin nikotin wanda yake wucewa sumul ba kaikayi. Su da bakinsu suka ce ɗan kwalbarsu ɗaya nikotin ɗinsa ya kai na kwalin sigari guda, kara 20.

Auta: To ai nikotin ba shi ke kawo kansa ba, hayaƙi ne

Famasis: Gaskiya ne, ƙonewar ganyen ce ke fitar da kwalta da mafi yawan gubar da ke kawo kansa. Amma kai a ganinka in abu bai kawo kansa ba shi kenan ya zama ruwan zamzam? Nikotin cikin daƙiƙa kaɗan yake isa ƙwaƙwalwa, yana ɗaga bugun zuciya yana matse jijiyoyin jini, kuma ƙwaƙwalwar ɗan adam sai wajen shekara 25 take gama ginuwa, musamman ɓangaren goshi mai kula da natsuwa da kame kai. Yaro ɗan 15 ya fi babba saurin kamuwa. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne sigari yana ƙarewa, ka kunna kara ka zuƙe ka taka, sai ka nemi ashana ka nemi lungu kafin na gaba, kuma warinsa zai tona ka a gida. Wannan kuwa ba ya ƙarewa, yana ƙarƙashin filo, a banɗaki a zuƙa, a aji a zuƙa, tsakar dare a farka a zuƙa, uwa ta shigo ɗaki ta ji ƙamshin kankana ta ɗauka turare ne.

Yaya Babba: Ni kam yau ina bayan Auta, ko da rabi ne. Kun san ni na sha sigari shekaru kafin Allah ya yaye min, ba ɓoyayyen abu ba ne. Wanda bai taɓa farkawa da asuba ƙirji kamar an ɗaure shi da igiya ba, yana kakin majina baƙa kafin ya yi alwala, ba zai gane abin da sigari yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Akwai abokina direban tirela da muka fara tare, shi ya kasa bari, ya koma mai cajin nan, yanzu tarin ya tafi yana hawa bene ba haki. In ka je ka ce masa duk ɗaya ne to sigarinsa zai koma, kuma alhakinsa na wuyan wanda ya faɗa. Shi ya sa maganar mai rediyon nan ta ɓata min rai.

Anti Nas: Yaya wannan haka yake. Akwai binciken da aka yi nan Ingila aka wallafa a 2019, mutum kusan 900 masu son daina sigari, waɗanda aka ba na lantarki kashi 18 sun kai shekara ba su koma ba, waɗanda aka ba cingam da filastar nikotin kuma kusan kashi 10.

Famasis: Anti ƙarasa mana. Cikin waɗanda suka bar sigarin da na lantarki, kashi 80 har bayan shekarar suna nan suna zuƙarsa. Sun bar hayaƙi ba su bar nikotin ba

Yaya Babba: To sai me? Gara hakan dai da kabari

Famasis: Ga abokinka direba eh. Ga ɗan JSS 3 fa da bai taɓa riƙe kara ba, me ya tsira daga gare shi?

Maman Ummi: Ni duk wannan lissafin naku ban gane ba, abin da na sani a Amurka abin nan ya kashe mutane, na ga hotunan samari a gadon asibiti an sa musu robar numfashi. Sannan an turo min wani saƙo wai yana sa huhu ya zama kamar gugguru

Auta: Yawwa dama ina jiran wannan. Anti wancan na asibitin Amurka na 2019 ne, kuma ba irin wanda muke magana ba ne, man wiwi ne na bayan fage da 'yan kasuwa suka sirka da wani mai na bitamin E don ya yi kauri

Baban Hanif: Kai yaron nan ka yi digiri a kan abin nan fa

Anti Nas: Hajiya a nan Auta ya fi ki gaskiya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta lissafa mutum 2,807 da aka kwantar, 68 suka rasu zuwa Fabrairun 2020, kuma wannan man bitamin E ɗin aka fi kamawa da laifi. Batun gugguru kuma, wata cuta ce da ake ce wa huhun gugguru, sunan ya samo asali ne daga ma'aikatan masana'antar gugguru da suka shaƙi wani sinadarin ƙamshi, diacetyl, ya lalata musu ƙananan hanyoyin iska na huhu, an taɓa samunsa a wasu ruwan sigarin lantarki shi ya sa aka hana sa shi a nan, amma ki daina tura saƙon nan yadda yake. In muka tsorata yara da abin da za su bincika a waya su ga ba haka ba ne, gobe ko gaskiya muka faɗa ba za su saurara ba. Sai dai Auta kada ka yi murna, darasin 2019 shi ne mutane sun zuƙi abin da ba su san me aka zuba ciki ba. Wanda ake sayarwa a shagon unguwa ko a Instagram, wa ya gwada shi? An sha auna irin waɗannan a samu ɓurɓushin ƙarfe kamar dalma da nikel daga wayar da ke dumama ruwan, wasu ma a rubuta babu nikotin a auna a samu. Kuma abin da kake kira tururi ba tururin tukunya ba ne, mai ne da sinadarai aka dumama suka zama feshi.

Ustaz: Assalamu alaikum. Ni ina karantawa na yi shiru ne. Duk kun tsaya kan wanne ya fi wanne, kamar dole sai an zaɓi ɗaya. Annabi SAW ya ce babu cuta babu cutarwa, ga ɓarnar dukiya ga bautar da kai ga wani abu, mutum ya kasa zaman karatu na awa ɗaya sai ya fita ya zuƙa. Kuma dan Allah a gaya wa yara yana karya azumi, don na ji masu cewa wai tunda ba hayaƙi ba ne ba komai. Haka aka yi da shisha, aka ce ai ruwa na tace ta, yau ga 'yan mata a gidajen biki suna busawa

Famasis: Shisha kam babu ma abin musu a kai Ustaz, taba ce ake ƙonawa da gawayi, ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake, ga iskar gawayin mai sa jiri da ciwon kai. Gwamnatin Kano ta ce ta hana ta tun 2021, ka zagaya gari da dare ka gaya min

Maman Ummi: To shi wannan ma a hana mana kowa ya huta

Yaya Babba: Hana wa? Muna da dokar taba tun 2015, ta hana sayar wa ɗan ƙasa da 18 ta hana sayar da kara ɗai-ɗai. Yau ki aiki Ummi wajen mai tebur da naira ɗari ki gani ko zai tambaye ta shekarunta. Indiya ta hana sigarin lantarki kwata-kwata a 2019 kuma har yanzu ana samu ta bayan gida. In kika hana wannan kika bar sigari a kowane tebur, me kika yi?

Anti Nas: Ostireliya sai suka bi ta tsakiya, tun 2024 a kemis kaɗai ake sayarwa. Ni da za a ji tawa, a fara da ƙamshin alawar nan da kalolin, don ba dattijo mai shekara 50 ake nema da ɗanɗanon cingam ba. Juul ma a kan tallata wa yara ne suka amince su biya jihohin Amurka sama da dala miliyan 400 a 2022.

Auta: To naji. Amma tambaya, akwai wani abokina a hostel da yake son bari, ya ce in ya kwana ɗaya bai sha ba kansa kamar zai tsage, ba ya iya karatu, kowa haushi yake ba shi. Ya zai yi

Baban Hanif: Allah sarki aboki. A gaishe shi

Ustaz: Baban Hanif ka bari mana, tambaya ce mai kyau

Yaya Babba: Ka ce masa ya jefa shi a masai yau, ba gobe ba, ba wai sai ya ƙare ba. Ni haka na yi, ragewa kaɗan-kaɗan yaudarar kai ce. Kwanakin farko ne bala'i, na riƙa jin kamar in daki mutum a kan gaisuwa, sai na koma goro da aswaki, bakina bai zauna haka ba. Kuma ya bar zama majalisar da ake sha, wannan ya fi komai wuya don abokai za su ce ka zama ustaz, afuwan Ustaz

Famasis: Yaya ba kowa ke da zuciyarka ba, kuma mai kashi 5 a aljihu dare da rana wataƙila nikotin ɗin da jikinsa ya saba da shi ya fi naka na da. Auta abin da yake ji sunansa kewar nikotin, yana tsananta a kwana biyu zuwa uku na farko, mako na farko ne mai zafi, daga mako biyu zuwa huɗu yawanci yana lafawa. Ita sha'awar in ta taso mintuna take yi ta sauka, ya sha ruwa ya tashi ya zaga, kada ya zauna yana kallonta. In ya gwada ya kasa akwai cingam na nikotin, miligiram 2 da 4, ba a tauna shi kamar na yara, taunawa kaɗan ake sai a ajiye a kunci, akwai filasta da ake mannawa a dantse, a riƙa rage ƙarfi a hankali cikin wata biyu zuwa uku. Akwai ƙwayoyi kamar varenicline amma wannan sai likita ya rubuta, kada ya je kasuwa ya saya. In kuma ya zame ya sha rana ɗaya ba shi kenan ba, ya ci gaba daga inda yake. Abu ɗaya da zan roƙe shi, kada ya ce bari ya sayi sigari kara ɗaya ya rage zafi.

Ustaz: Ya yi amfani da azumi ma, ko na Litinin da Alhamis. Wanda ya iya haƙura daga asuba zuwa magariba ya san zai iya. Matsalar ana shan ruwa wasu kafin dabino ma sun kai hannu

Yaya Babba: To ni yanzu ku ba ni fatawa kan Kawu. Mutumin nan tun muna yara yake shan sigari, ga hawan jini ga tari, an yi nasiha an gaji. In sayo masa mai cajin ko kada in sayo?

Anti Nas: Da a nan yake zan ce eh, da sharaɗin ya bar sigarin gaba ɗaya, don masu haɗa biyun ba wata riba suke samu ba. Amma a fara kai shi asibiti a duba ƙirjin nan

Famasis: Ni ba da hannuna ba. Mai hawan jini ka ba shi kashi 5 wanda ba mu san wa ya haɗa ba? A fara da filasta a ga likitansa tukun

Yaya Babba: Filastar da zai ɓalle ya kunna kara a kai

Maman Ummi: Ku dakata duk, wai a cikinku wa zai tunkari Kawu da maganar? Don ni dai ba ni ba

Baban Hanif: Yaya Babba mana, shi ne babba

Yaya Babba: Ni da ya taɓa kamawa ina satar masa kara a aljihun babbar riga? Ku nemi wani