Waɗanda suka yi nutso a tsibirin El Hierro, ku ba mu labari

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin zuwa El Hierro, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, don yin nutso da tukunyar iska. Duk nutson da na saba yi a kan yashi ne mai gangarowa a hankali. Wanda ya taɓa shiga ruwan La Restinga, ƙaramin garin da ke kudancin tsibirin, ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka cire yashin nan daga ranka. Aman wuta ne ya gina tsibirin tun daga ƙasan teku, shi ya sa kana barin gaɓa kaɗan sai ƙasa ta yanke. A El Bajón na fi jin haka a jikina. Dutse ne tsaye cikin ruwa, ƙoƙuwarsa ba ta kai mita 10 daga sama ba, gindinsa kuwa ya tafi wajen mita 100. Ruwan garau yake, kana hangen mita 30 ba wahala, kuma nan haɗarin yake: ido na gaya maka ƙasa kusa take, alhali kana ta sauka. Ni dai idona bai bar agogon nutso mai nuna zurfi ba. Wata rana kuma ruwa na ja da ƙarfi, sai da muka bi igiyar tulun alama muka sauka.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne yaya, amma kada ka tsorata shi. Ana kiran tekun wurin Mar de las Calmas, wato teku mai kwanciya, saboda tsibirin ya tare iskar arewa maso gabas. Tun 1996 aka killace shi, aka taƙaita kamun kifi da yawan masu nutso a kowane wuri, kuma kifayen sun nuna haka. Wani ƙaton kifi da mutanen can ke kira mero ya tsaya gabana yana kallona, ko gezau. Narkakken dutsen da ya daskare ya bar ramuka da koguna da ƙofofi, kowane rami da mai shi, galibi kifin nan mai jikin maciji, baki buɗe. Baƙin murjani sai ka ɗan yi ƙasa. Ka nemi rigar roba mai kauri in da hunturu za ka, ruwan kan sauka wajen digiri 18.

Amsa ta uku: Ni abin da ya taɓa zuciyata tarihin wurin ne. A Oktoban 2011 aman wuta ya ɓarke a ƙarƙashin teku kudu da La Restinga, har aka kwashe mutanen garin, ruwa ya koma kore, kifi ya mutu ba adadi. Sai Maris na 2012 abin ya lafa. Sabon dutsen, Tagoro, yana can kusan mita 90 ƙarƙashin ruwa, ba wurin zuwanmu ba ne. Da na shiga bayan shekaru na tarar da kifi ya cika wurin, wallahi sai da na yi tasbihi cikin abin shaƙar iska.

Amsa ta huɗu: Malam, ga abin da ba a cika faɗa ba. La Restinga a bakin ruwa take, amma hanyar Valverde, babban birnin tsibirin, da filin jirgi tana hawa ta garin El Pinar har ta wuce mita 1,000. Hawa tudu da naitirojin a jini, wato iskar da nutso ke tarawa a jiki, kusan ɗaya yake da shiga jirgin sama: duka biyun haɗari ne bayan nutso. Mai koyar da mu ya hana mu hawa a ranar nutso, muka kwana a ƙasa. In ka yi nutso fiye da ɗaya, ka ba jikinka aƙalla awa 18 kafin jirgi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nemi masauki a La Restinga ɗin, in bar yawon tudu sai na huta da ruwa. 'Yar'uwa mai amsa ta biyu, rigar milimita nawa kika sa?