Yaƙin Amurka da ta'addanci: duniyar wa ta samu kwanciyar hankali?

Tsohon Soja: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da muka fara jiya bayan isha'i ba mu ƙarasa ba, shi ya sa na kawo ta nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ni dai har yanzu ina kan bakana: da Amurka ba ta tashi ta bi 'yan ta'adda har maɓoyarsu ba bayan harin 11 ga Satumba 2001, da duniyar nan ta fi haka hatsari. Mutum 19 ne kawai suka hallaka kusan mutum 3,000 a safiya ɗaya. A lokacin Alƙa'ida tana da sansanonin horo a Afganistan, a fili, ba mai ce mata kanzil. An rusa sansanonin, an kashe Usama bin Ladan a Abbottabad a 2011, kuma tun daga ranar ba a sake kai wa Amurka hari mai girman wancan ba. Wanda ya taɓa riƙe bindiga ya san ba a bar wa abokin gaba wurin da zai zauna ya shirya a natse.

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma. Da farko ka ce duniya, a ƙarshe kuma hujjarka ta tsaya a kan Amurka. Wannan tazarar ita ce muhawarar tamu gaba ɗaya. Na yarda ba a sake rusa bene a New York ba. Amma Madrid fa, a Maris 2004? Landan a Yuli 2005? Paris a Nuwamba 2015, inda aka kashe mutum 130 a dare ɗaya? Waɗannan ma manyan birane ne da duniya ke jin kukansu. Bagadaza kuwa an yi shekaru da wuya a yi mako guda mota ba ta tarwatse a kasuwa ko ƙofar masallaci ba.

Tsohon Soja: 'Yata, ai wannan ma hujjata ce. Hare-haren sun nuna mutanen nan ba su da niyyar dainawa. To a zuba musu ido?

Malamar Tarihi: A'a Baba, ba zuba ido nake nufi ba. Tambayata ita ce daga ina masu harin Paris suka fito. ISIS ce ta turo su, ita kuma ISIS a Iraki aka haife ta, bayan mamayar Maris 2003. Bari in ɗan tsawaita, domin nan ne gizo ke saƙar. Saddam Husaini azzalumi ne, ba na kare shi, amma ba shi da hannu a harin 11 ga Satumba. Daga cikin maharan 19, 15 'yan Saudiyya ne, babu ɗan Iraki ko ɗaya. An ce yana da makaman ƙare dangi, Colin Powell ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairu 2003 ya gabatar da abin da ya kira hujjoji, aka shiga ƙasar aka bincika lungu da saƙo, ba a sami makaman ba. Sai a Mayu na wannan shekarar Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya riƙe Iraki, ya sa hannu a takardar da ta rusa rundunar sojan ƙasar baki ɗaya. Baba, kai soja ne, ka fi ni sanin abin da ke faruwa idan aka sallami dubban ɗaruruwan maza da suka iya harbi a rana ɗaya, ba albashi, ba mutunci, ga rumbunan makamai a buɗe. A cikin wannan ruɗanin Abu Mus'ab al-Zarƙawi ya kafa reshen Alƙa'ida a Iraki. An kashe shi a 2006, ƙungiyar ba ta mutu ba. Abubakar al-Bagadadi kansa ya zauna a kurkukun Amurka na Camp Bucca a 2004, aka sake shi, bayan shekara goma ya hau mumbarin masallacin al-Nuri a Mosul yana kiran kansa halifa. Wannan garin gyaran gira ne aka rasa ido.

Ɗalibin Shari'a: Malama ta gama magana. Ko Tony Blair, wanda ya ja Birtaniya cikin yaƙin, ya amsa a 2015 cewa akwai ƙamshin gaskiya a maganar cewa mamayar ce ta share wa ISIS hanya. Tsohuwar shugabar hukumar leƙen asirin cikin gida ta Birtaniya, Eliza Manningham-Buller, ta gaya wa kwamitin Chilcot, mai binciken rawar da Birtaniya ta taka a yaƙin, a 2010 cewa yaƙin Iraki ya ƙara barazanar ta'addanci a ƙasarsu sosai. Ba 'yan adawa ba ne suka faɗa, masu gida ne.

Tsohon Soja: Iraki kuskure ne, na yarda, kuma tun a lokacin ban ji daɗinsa ba. Amma kada ku haɗa komai ku ɗaure da igiya ɗaya. Ku amsa mini wannan. A Yuni 2014 ISIS ta kama Mosul, sojojin Iraki suka tuɓe kaki suka gudu. A Agusta suka afka wa Yazidawa, wata ƙaramar al'umma mai nata addinin, a Sinjar, suka karkashe maza, suka kwashi mata da 'yan mata suna sayarwa kamar awaki a kara. Wa ya tsayar da su? Jiragen Amurka da na ƙawayenta ne suka buɗe wa sojojin Iraki da mayaƙan Kurdawa hanya, har aka ƙwato Mosul da Raƙƙa a 2017, aka gama da Baguz, tungarsu ta ƙarshe a Siriya, a Maris 2019. In kun ce wannan ma bai sa duniya ta fi aminci ba, ku je ku faɗa wa matar da aka 'yanto daga hannunsu.

Malamar Tarihi: Wannan kam ba zan musa maka ba, Baba. Da ni ce a kan dutsen Sinjar, da addu'a zan yi jirgin ya iso da wuri. Abin da ke damuna shi ne lissafin: wanda ya kunna wuta a unguwa, ya dawo da guga ya kashe rabinta, za mu gode masa da gugan, amma ba za mu ce ya sa unguwar ta fi zama lafiya ba.

Ɗan Agadas: Ku ba ni dama, ni a gabana aka yi wani sashe na wannan labarin. A garinmu Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa, wanda ake kira 201, ta kashe masa sama da dala miliyan 100. Mun ga manyan motoci suna shiga, wasu yaranmu sun sami aikin gini da na shara, an ce daga nan za a riƙa ganin duk abin da ke motsi a Sahara. A Oktoba 2017 aka yi kwanton ɓauna a Tongo Tongo, aka kashe sojojin Amurka 4 tare da namu sojojin. A ranar ne Amurkawa da yawa suka fara sanin suna da sojoji a Nijar. Sansanin yana nan aka kashe mana sojoji 71 a Inates a Disamba 2019, bayan wata ɗaya aka kashe 89 a Shinagodar. Jihar Tillaberi ƙauyuka sun watse, makarantu sun rufe. A 2024 gwamnatin soja ta ce su tafi, suka tafi. Kuma don kada wani ya ce ina ɓoye gaskiya: bayan tafiyarsu ma kisan bai tsaya ba. Da suna nan ana kashe mu, da suka tafi ana kashe mu. Shi ya sa idan na ji an ce duniya ta fi aminci sai in tambaya, mu ba a cikin duniyar muke ba?

Tsohon Soja: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ɗana, wutar Sahel daga Libiya ta taso, kuma yaƙin Libiya na 2011 ba yaƙi da ta'addanci ba ne. NATO ce ta shiga da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya, da sunan kare farar hula a Bengazi, Faransa da Birtaniya ne ma a gaba.

Ɗan Agadas: Haka ne Baba, sunan daban. Amma hannun ɗaya ne, tunanin ma ɗaya: a kifar da mai mulki daga sama, abin da zai biyo baya a gani daga baya. Gaddafi ya mutu a Oktoba 2011, kafin tsakiyar 2012 Kidal da Gao da Tumbuktu sun faɗa hannun masu ɗauke da makamai, da yawansu da bindigogin da aka kwaso daga rumbunan Libiya. Obama da bakinsa ya ce rashin shirya wa abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne kuskurensa mafi girma a mulki. Shi ya kira shi kuskure ya wuce, mu har yau muna binne mutane. Rahoton ta'addanci na duniya da aka fitar a 2025 ya nuna fiye da rabin waɗanda ta'addanci ya kashe a 2024 a yankin Sahel suke. A 2001 wa yake kiran Burkina Faso idan ana maganar ta'addanci?

Liman: Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da nake tsoron mu faɗa cikinsa. Yana da sauƙi mu ɗora wa Amurka komai mu kwanta. Boko Haram ba a Bagadaza aka haife ta ba, a Maiduguri ta tsiro, a gaban idonmu, da wa'azin da muka ji muka yi shiru. Muhammad Yusuf a hannun 'yan sandanmu ya mutu a Yuli 2009, ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba, abin da ya biyo baya kowa ya sani. Sai a 2015 Shekau ya yi wa ISIS mubaya'a. Masu fatawar halatta jinin Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ba jirgin yaƙi ya kawo su ba. In ba mu faɗi wannan ba, muhawararmu ba ta cika ba.

Malamar Tarihi: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ka faɗa, kuma ita ma tana ƙarfafa abin da nake cewa. In tushen cutar yana cikin gari, a cikin zalunci da jahilci da rashin adalcin kotu, to bam daga sama ba zai kai gare shi ba. Dubi Afganistan. Shekara 20, daga Oktoba 2001 zuwa Agusta 2021. Taliban ɗin da aka kora su aka zauna da su a Doha a Fabrairu 2020 aka sa hannu, su suka shiga Kabul ranar 15 ga Agusta 2021 ba tare da wani yaƙin kirki ba. Bayan shekara ɗaya, a ina aka kashe Aiman al-Zawahiri, magajin Bin Ladan? A wani gida a tsakiyar Kabul.

Ɗalibin Shari'a: Kuma da jirgi maras matuƙi aka kashe shi, babu sojan Amurka ko ɗaya a ƙasar. Bin Ladan ma a Pakistan aka same shi, ƙasar da ba a mamaye ba, da leƙen asiri da 'yan tsirarun sojoji a dare ɗaya. Ke nan manyan nasarorin da Baba ya lissafa, ba mamaya ce ta kawo su ba.

Uwar Marayu: Ni ban san tarihi kamar ku ba, aikina da matan da suka gudo daga ƙauyukansu ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne harin ƙarshe da Amurka ta kai a Kabul kafin sojojinta su fice, ranar 29 ga Agusta 2021. Sun ce motar ɗan ƙunar baƙin wake ce. Ashe ma'aikacin agaji ne ya dawo gida da jarkokin ruwa, yara suka fito tarbarsa. Mutum 10 suka mutu, 7 yara ne. Daga baya suka amsa kuskure ne. Asibitin likitocin sa kai na Kunduz a Afganistan ma haka jirgin Amurka ya yi masa a 2015, mutum 42 suka mutu. Na zauna da uwar da ta rasa 'ya'ya a harin sama, a nan ƙasarmu, na ga idon ɗan da ya rage mata. Yaron nan ba ya tambayar wace ƙasa ce ta ƙera jirgin ko me aka nufa. In wani ya zo masa da bindiga ya ce zo ka rama, me zai hana shi? Masu binciken Jami'ar Brown a Amurka sun ƙiyasta a 2021 cewa yaƙe-yaƙen nan sun ci kusan dala tiriliyan 8, sun kashe kimanin mutum 900,000 kai tsaye. Kowane ɗaya a cikinsu yana da wanda ya bari.

Tsohon Soja: Hajiya, kin taɓa ni. Na ɗauki gawar yaro da hannuna a bakin aiki, ban manta ba har gobe. Zan rage maganata, amma ba zan janye ta duka ba. Rusa sansanonin Alƙa'ida a 2001 da karya ISIS a Mosul da Raƙƙa, waɗannan biyun ina nan a kan cewa sun ceci rayuka. Iraki a 2003, da zaman shekara 20 a Afganistan, da gidajen yarin Gwantanamo da Abu Guraib, waɗannan na bar muku. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: ranar da ƙungiya irin ISIS ta kama gari mai mutum sama da miliyan ɗaya, sojojin ƙasar suka gudu, wa za a kira?

Ɗan Agadas: Wannan tambayar ce ke hana ni barci, Baba. Mun gwada Faransa daga 2013, mun gwada Amurka, yanzu Mali da mu muna gwada Rasha. Ƙanina yana cikin sojojin da aka tura Tillaberi, yau kwana 9 wayarsa ba ta shiga. Ku sa shi a addu'a.

Liman: Allah ya tsare shi ya dawo da shi lafiya, shi da 'yan'uwansa. Ka turo mini lambar mahaifiyarku ta gefe, zan kira ta bayan la'asar.