Busasshen itace a tsaye: ta ina yake mutuwa ta biyu?

Ɗalibar ilimin daji, Zinder:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. A darasin dazuzzukan ƙasashen sanyi, irin na Kanada, Finlan da Sibiriya, an ce itace kan mutu ya yi shekaru gommai a tsaye. Mu nan gawo na bushewa, damina kaɗan sai a tarar da shi kwance. Me ya raba su?

Tsohon malamin gandun daji:
Wa alaikumus salam ƴata. Gara ce ta fara raba mu, don babu ita a wancan daji. Aikin ruɓarwa na fumfuna ne da ƙwarin ɓawo, fumfuna kuwa sai da laima da ɗumi take ci. Can sanyi na tsayar da ita fiye da rabin shekara, iska kuma na busar da gangar itacen. Shi ya sa wanda ke tsaye ya fi na kwance jinkirin ruɓewa.

A itatuwa masu ganye kamar allura, irin su pin da episeya, ganyen ke fara yin ja, ya kakkaɓe cikin shekara 1 zuwa 3. Sai ƙananan rassa, sai ɓawo ya saki, sai kan ya karye saboda iska ko nauyin dusar ƙanƙara. Duk wannan ido na gani. Abin da ke kayar da shi yana gindi, daidai inda ganga ta haɗu da ƙasa: nan ne laima ba ta yankewa, iska ma na shiga. Sama garau kamar ƙashi, ƙasa ta zama gari.

Mai nazarin katako:
Baba ya faɗi gaskiya, amma iri ma na da magana. Bulo (itacen nan mai farin ɓawo, ba na gini ba) ɓawonsa ba ya barin ruwa ya fita, sai cikin ya jiƙe ya ruɓe, ya yi fari da laushi kamar soso. Ba ya faɗuwa gaba ɗaya, gutsurewa yake yi daga sama. Episeya saiwarsa ba ta nitsewa, ko ya karye a gindi ko iska ta tumɓuke shi. Ruɓarsa yawanci ja ce, tana tsattsagewa ƙananan murabba'i kamar gawayi, ka murza da yatsa ta zama hoda.

Gwarzon shi ne tsohon pin da ya girma a hankali, zuciyarsa cike da ƙaro. Ɓawo ya zube, jiki ya yi furfura, ga murɗiya kamar igiya. Ƴan Finlan na ce masa kelo, yana iya haura shekara 100 a tsaye bayan ya mutu.

Masassaƙi daga Mirriya:
To ai ƙirya kenan, Malam. Gara na shan wuya da zuciyarta, shi ya sa turminta ke kai jika. Gawo kuwa farin itace ne mai taushi, ƙwaro ya huda, gara ta bi ta saiwa ta lulluɓe gindin da jar ƙasa. Kuka ba a ma sa ta a lissafi, zubewa take yi ta zama tulin zare.

Ƴar uwa, in za ki duba busasshe, ki fara da ƙasa. Tone santimita 10 zuwa 20 a gindin, ki caka wuƙa. In ta shige ba gardama, ko kika ƙwanƙwasa da ƙeyar gatari kika ji yana amsawa kamar ganga, ja da baya. Kuma a ɗaga kai kafin a buga, don girgizar sara kan sako ruɓaɓɓen reshe daga sama.

Tsohon malamin gandun daji:
Kuskuren da ke jawo rauni shi ne a sare shi kamar ɗanye. Ɗanye na da jijiyar da ke riƙe shi har ya kwanta inda aka nufa, ruɓaɓɓe kuwa ɓallewa yake yi ya tafi inda nauyinsa ya rinjaya. A bi karkatarsa, a share hanyar gudu ta baya a kaikaice, kowa ya matsa nisan tsawon itacen sau 2. Ranar iskar hunturu mai ƙarfi a haƙura. Gawo dai kun san dokarsa, ko ya bushe a nemi izinin ma'aikatan gandun daji tukuna.

Ɗalibar ilimin daji, Zinder:
Na gode Baba. Gobe in sha Allah zan gwada wuƙar a gindin wani busasshen gawo da ke hanyar Magariya.