Rawar Sikotlan ta mutum takwas: da wacce za mu fara?

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ajinmu na nan Gilasgo ya saba da jerin layi biyu, yanzu za mu koma tsayuwar kusurwa huɗu. Wacce rawa ce ta dace da sababbin shiga?

Ɗan Dandi: Rothesay Rant. Gaɓar kiɗa 32 ce sau huɗu, kafin a gaji an gama.

Yaya Bilki: Gyara tsayuwa tukuna. Ma'aurata huɗu, mace a hannun daman namiji. Na ɗaya su ba masu kiɗa baya, su fuskanci na uku.

Ɗan Dandi: Na biyu kuma a daman na ɗaya.

Yaya Bilki: A'a ƙanena, wannan lissafin Amurkawa ne. A Sikotlan ƙirga tana bin tafiyar hannun agogo, na biyu a hagu suke.

Malam na Abadin: Don Allah, Maman Hanifa, kada a fara musu da Eightsome Reel, duk da ita ce aka fi sani. Gaɓa 464 gare ta: 40 na buɗewa, 48 sau takwas a tsakiya, 40 na rufewa. Kusan minti takwas ke nan ba numfasawa. Inda take watsewa kullum shi ne sarƙa, wato zagayen da ake miƙa wa juna hannu ana wucewa. Gaɓa 16 aka ba ta, hannu takwas, wato taku biyu ga kowane hannu, ana farawa da dama ga abokin rawa. Sabon shiga sai ya yi taku ɗaya ya saki, ya iso gida da wuri ya tsaya cirko-cirko, na bayansa su yi karo da shi. Sai da'ira: zamiya takwas zuwa hagu, takwas dawowa. Idan ba a rage ta takwas an haɗe ƙafa ba, nauyin jiki ya riga ya tafi hagu, juyowa ta gagara, hannuwa su tsinke. Wanda ya shiga tsakiya kuma, bayan ya juya da abokin rawarsa da na gabansa, su ukun za su zana siffar lamba 8 cikin gaɓa takwas. A nan ne zobe ke matsewa, sauran biyar su tsaya kyam a gurbinsu su bar fili.

Hajiyar Fife: Gaskiya ne Malam. A koyar da sarƙa da tafiya kawai, ana ƙirgawa da baki, sannan a sa kiɗa.

Ɗan Dandi: To ihun da na tsakiya ke yi fa? Ni shi ne daɗin abin.

Yaya Bilki: A wajen keli, wato taron rawa na shagali, yi ihunka. A ajin RSCDS kuwa, wato ƙungiyar rawar gargajiyar Sikotlan, malama za ta harare ka. Tun 1923 da Jean Milligan da Ysobel Stewart suka kafa ƙungiyar, natsuwa suke so.

Hajiyar Fife: In sanyi-sanyi kike nema, Robertson Rant. Gaɓa 80, kiɗan sitiratsife mai tafiya a hankali, akwai lokacin tunani.

Malam na Abadin: Hajiya, a hankali take amma ba sauƙi gare ta ba. Takun sitiratsife yana cin gwiwa, kuma duk kuskure a fili yake.

Maman Hanifa: Takalmi fa? Daɓen zaurenmu katako ne mai santsi.

Yaya Bilki: Gili, takalmin rawar Sikotlan mai taushin tafi, ya kama ƙafa ɗam. Banda safa zalla, faɗuwa ce.

Ɗan Dandi: Wa ke da lasifikar aro ranar Asabar?